Fada Gregor Mendel, Ɗan Manomin Da Ya Ƙirga Wake

Mutumin da muka kawo muku tarihinsa a wannan fitowa ba ya cikin jerin waliyyai, ba a kuma keɓe masa rana a kalandar Ikkilisiya ba. Firist ne ɗan zuhudu na ƙungiyar Waliyyi Agustin, wato ƙungiyar marigayi Bishop Patrick Sheehan, wanda ya zama bishop na farko na Dayosis ɗin Kano a 1999, da ta Bishop John Namaza Niyiring wanda ya gaje shi a 2008, da ta Paparoma Leo na 14 da aka zaɓa a 2025. Sunansa Gregor Mendel. Duk ɗalibin da ya karanta ilimin halittu a sakandare ya taɓa cin karo da wannan suna, amma kaɗan ne aka gaya musu cewa Fada ne, kaɗan kuma suka san cewa ɗan talakan manomi ne.

An haife shi a watan Yuli na 1822 a ƙauyen Heinzendorf, cikin daular Ostiriya ta wancan zamani. Yau ƙauyen yana cikin Jamhuriyar Cek. Aka yi masa baftisma da suna Johann. Mahaifinsa Anton yana da 'yar gona, amma bisa ga dokar ƙasar dole ne ya yi wa mai sarautar yankin aiki kyauta kwana uku a kowane mako, sauran kwanakin ne nasa. Anton gwani ne wajen auren itatuwa masu 'ya'ya, a wurinsa kuwa yaron ya fara koyon yadda ake ɗaura reshen wani itace a jikin wani. Firist na ƙauyen, Fada Schreiber, shi ma mai son lambu ne, ya sa ana koya wa yaran makaranta sha'anin tsirrai. Malamai suka ga yaron yana da kai, suka matsa wa iyayensa su bar shi ya ci gaba da karatu.

Wannan ba ƙaramar shawara ba ce, domin shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, tsakanin yayarsa Veronika da ƙanwarsa Theresia. Mu da muke zaune a arewacin Kano, inda gona take manne da gona tun daga Minjibir har Dambatta, daga Bichi har Tsanyawa, inda ba a barin ƙasa ta huta sai dai a yi ta kai mata taki a mangala, mun san abin da ake nufi da cire hannu ɗaya daga gandu. Duk da haka a 1834 aka tura shi makaranta a garin Opava. Kuɗin abinci bai isa ba, yana ɗalibi yana koyar da wasu yara domin ya samu abin sawa a baki. Yana can sai gungumen itace ya faɗo wa mahaifinsa, ya nakasa shi, daga baya aka miƙa gonar ga mijin Veronika. Yunwa da damuwa suka kwantar da Johann fiye da sau ɗaya, har ya koma gida ya yi watanni yana jinya. Abin da ya cece shi a kwalejin Olomouc shi ne ƙanwarsa Theresia, wadda ta ba shi wani kaso na dukiyar da aka ware mata domin aurenta. Bai manta ba. Da ya samu hali, shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

A 1843 ya shiga gidan zuhudu na Waliyyi Toma a birnin Burno, aka ba shi sabon suna Gregor. Ba za mu ɓoye ba, shi da kansa ya yarda cewa talauci yana cikin abin da ya tura shi ƙofar gidan. Ba mu ga abin kunya a nan ba, gama Allah yakan kira bawansa ta kowace hanya ya ga dama, abin dubawa shi ne ko mutum ya riƙe alkawarinsa, Mendel kuwa ya riƙe nasa shekara arba'in har mutuwa. Aka naɗa shi firist a watan Agusta na 1847.

Aikin faris bai karɓe shi ba. An ba shi ziyarar marasa lafiya a asibiti, amma ganin wahalar mutane da mutuwarsu ya girgiza shi har shi ma ya kwanta. Shugaban gidan, Fada Cyrill Napp, mutum ne mai hangen nesa. Maimakon ya tilasta masa, sai ya tura shi koyarwa a garin Znojmo a 1849. A 1850 Mendel ya zauna jarrabawar samun takardar malanta, ya faɗi. Napp ya aika da shi jami'ar Biyana daga 1851 zuwa 1853, ya koyi kimiyyar lissafi da ma'auni a hannun Christian Doppler, da ilimin tsirrai a hannun Franz Unger. A 1856 ya sake zama jarrabawar, bai haye ba. Saboda haka mutumin da duniya take kira uban ilimin gado ya yi dukan shekarunsa na koyarwa a matsayin malamin wucin gadi.

Fada Napp yana da wata tambaya da ta daɗe tana damunsa. Arzikin yankinsu ulun tumaki ne, masu kiwo kuwa suna so su san abin da ɗan rago yake gada daga iyayensa, da yadda yake gadonsa. Ra'ayin masana a lokacin shi ne halin uba da na uwa suna gaurayewa cikin ɗa kamar yadda nono yake gaurayewa da fura, ba mai iya raba su kuma. Mendel ya ɗauki wannan tambaya ya kai ta wani ɗan fili a bayan gidan, wanda bai kai girman gayaunar matar aure a ƙauyukanmu ba.

Abin da ya shuka wani irin wake ne na ƙasar Turai, mai zagayayyar ƙwaya, wanda ake kawo mana cikin gwangwani. Ɗan'uwan wakenmu ne, kuma halinsu ɗaya a wani muhimmin abu: furen yakan yi wa kansa barbara tun bai buɗe ba. Shi ya sa manomi yake ajiye irin Kanannado ko Ɗan Ila shekara da shekaru yana fitowa yadda yake, alhali gero, wanda iska take ɗaukar bununinsa daga gona zuwa gona, yakan gauraye da na maƙwabci. Mendel ya samo iri 34, ya yi shekara biyu yana gwada su domin ya tabbata kowanne yana haifar irinsa, ya zaɓi 22. Sa'an nan ya ware halaye bakwai da ido yake iya rabewa ba gardama, kamar ƙwaya mai sulɓi da mai tamoji, rawaya da kore, dogon kara da gajere. Yakan buɗe fure da ɗan hantsaki, ya cire sashen namiji, ya ɗebo ƙurar wani fure ya shafa, ya rufe domin kada ƙwaro ya kawo wata ƙura ya ɓata masa lissafi. Haka ya yi daga 1856 zuwa 1863, a kan tsirrai kusan 28,000.

Bari mu tsaya a kan hali ɗaya. Dogon waken yakan kai ƙafa shida ko bakwai, gajeren kuwa ba ya wuce ƙafa ɗaya da rabi. Da ya aura su, 'ya'yan ba su fito tsaka-tsaki ba, dukansu dogaye suka zama, sai ka ce gajarta ta ɓace daga zuriyar. Ya tara irin waɗannan dogayen ya sake shukawa. A cikin jikoki 1,064, dogaye 787 ne, gajeru 277. Gajarta ta dawo cikakkiya, kamar ba a taɓa aura ta da kome ba. Ya duba siffar ƙwaya, ya samu masu sulɓi 5,474, masu tamoji 1,850. Ya duba launi, rawaya 6,022, kore 2,001. Ko'ina lissafin ɗaya ne, uku da ɗaya.

Masu lambu da yawa kafinsa sun ga halin kaka yana dawowa cikin jika. Abin da ya bambanta shi da su shi ne ya zauna ya ƙirga, ya kuma tambayi kansa me zai sa lissafi ya tsaya a uku da ɗaya. Amsarsa ita ce kowane tsiro yana ɗauke da abin gado guda biyu a kan kowane hali, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wani mai rinjaye ne, wani mai ɓuya. Mai ɓuya ba ya narkewa, ba ya raguwa, yana nan yana jira. Idan tsiro zai haihu, ɗaya kaɗai cikin biyun yake bai wa kowane ɗa, kamar jefa kwabo, sai mai ɓuya ya haɗu da mai ɓuya kafin ya bayyana.

Ya karanta sakamakonsa a gaban ƙungiyar masu binciken halittu ta Burno a ranakun 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris na 1865, aka buga a 1866. Aka saurare shi cikin ladabi, aka watse. Ya aika wa babban masanin tsirrai Carl Nägeli na birnin Munik, shi kuwa bai gane darajar abin ba, ya ƙarfafa shi ya ci gaba da gwaji a kan wata ciyawar daji. Mendel ya ɓata shekaru da lafiyar idanunsa a kanta, lissafi ya ƙi fita. Sai bayan mutuwarsa aka gano cewa ciyawar tana yin iri ba tare da barbara ba.

A 1868, bayan rasuwar Napp, 'yan'uwansa suka zaɓe shi shugaban gidan. Daga nan takardu da tarurruka suka cinye lokacinsa, ko da yake bai daina kiwon zuma da rubuta yanayin sama kullum ba. A 1874 gwamnati ta kafa sabon haraji mai nauyi a kan gidajen zuhudu. Sauran shugabanni suka nemi sulhu, Mendel ya ƙi biya, ya yi ta rubuta ƙorafi har ƙarshen ransa. Wasu suna ganin tsayawa ce a kan haƙƙin Ikkilisiya, wasu suna ganin taurin kai ne. A ganinmu duka biyun suna ciki, kuma rigimar ta ci ƙarfinsa, ta raba shi da abokai. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi ran 6 ga Janairu 1884, ranar Idin Bayyanuwar Ubangiji, yana da shekara 61. Waɗanda suka bi gawarsa sun yi kukan shugaba mai kyauta ga matalauta, ba su san wa suke binnewa ba. Aka ƙone yawancin takardunsa. Sai a 1900 masana uku, de Vries a Holan, Correns a Jamus, Tschermak a Ostiriya, suka iso inda ya tsaya, suka tarar wani Fada ya riga su da shekara 34.

Akwai tambayar da Mendel bai iya kaiwa gare ta ba. Jikin tsiro da na mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma gadon da yake cikin ƙwayar saiwa shi ne yake cikin ta ganye da ta fure. To, me ya sa saiwa ba ta yin fure? Me yake sa wani sashe na gado ya yi magana yau, gobe ya yi shiru? Abin mamaki, a shekarar da ya mutu, 1884, wani Bajamushe mai suna Albrecht Kossel ya ciro wani furotin daga jinin dinya, ya sa masa suna histon, ba tare da sanin aikinsa ba.

Yanzu an san cewa gado a rubuce yake a jikin wani siririn zare da ake kira DNA. Abubuwan gadon Mendel, waɗanda muke kira ƙwayoyin gado, sassa ne na wannan zare. A kowace ƙwayar halittar mutum tsawon zaren ya kai kusan mita biyu, don haka an nannaɗe shi a jikin dunƙulen histon, takwas takwas, kamar yadda mai kaɗi take naɗe zare a mazari. Kafin ƙwayar gado ta yi aiki sai an kwafi rubutunta, kamar littafin baftisma da ba a fitar da shi daga ofishin faris sai dai a kwafo abin da ake bukata. Inda naɗin ya yi tsauri, mai kwafi ba ya samun shiga. A 1964 Vincent Allfrey da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙwayar halitta tana manna wa histon wasu ƙananan sinadarai. Idan aka manna masa wanda ake kira asetil, riƙonsa yakan sassauta, a karanta wurin. Idan aka cire, ya sake damƙewa. A 1996 aka kama ma'aikatan da suke mannawa da masu cirewa. Rubutun gado bai sauya ba ko da harafi ɗaya, alamar da take jikin furotin ce take buɗewa da rufewa.

Har gajeren waken Mendel ya samu bayani ta wannan hanya. A cikin karan tsiro akwai wani furotin mai suna DELLA, wanda yake yi wa masu buɗe ƙwayoyin gadon girma dabaibayi. Idan tsiro ya sarrafa sinadarin jibarelin, sai a manna wa DELLA wata alama mai suna yubikwitin, kamar shaidar da mahauci yake shafa wa ragon da za a yanka. Idan DELLA ya samu wannan shaida sai a farfasa shi, dabaibayi ya kwance, kara ya miƙe. A 1997 aka gano cewa gajeren waken yana da ɗan sauyi a ƙwayar gadon da take taimakawa wajen yin jibarelin, saboda haka dabaibayin yana nan daram. Gajeriyar alkamar da ta ciyar da Indiya da Pakistan tun daga shekarun 1960 ita ma labarin DELLA ne, sai dai nata ya sauya yadda ba ya jin kiran jibarelin.

Lissafin Fada Mendel ya iso gonakinmu tuntuni. Wuta-wuta da take shanye saiwar wake ta sha hana manoma ganin ƙwaya da harawa. Masu bincike na cibiyar IITA, wadda take da tasha a Kano da gonar gwaji a Minjibir, tare da na Samaru a Zariya, sun samu wani wake daga Botsuwana da wuta-wuta ba ta kama shi. Da suka aura shi da namu suka ƙirga, sai uku da ɗaya ya fito, alamar cewa ƙwayar gado ɗaya ce mai rinjaye. Ta irin wannan aiki aka samu iri kamar SAMPEA 10 da aka fitar a 2008. Shi ne kuma dalilin da ya sa malaman gona suke hana a ajiye irin masara mai aure domin baɗi: shuka ta biyu ita ce jikokin Mendel, inda duk abin da ya ɓuya yake fitowa.

Amma inda abin ya fi taɓa mu shi ne gidajenmu. Cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini, tana bin lissafin gajeren wake sak. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana ɗauke da mai ɓuya, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Nijeriya haka yake. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ta zama SS. Mu lura, kowane ciki ne. Ba a ce idan an haifi ɗaya mai ciwo sauran ukun sun tsira ba, domin Mendel sai da ya ƙirga dubbai kafin lissafi ya daidaita, gida ɗaya kuwa yana iya samun uku a jere ko ya rasa ko ɗaya. Mun sha jin dangin miji suna ɗora wa mace laifi, suna cewa daga gidansu ta kawo, wasu ma su ambaci maita. Wannan zalunci ne, gama yaro ba ya zama SS sai uba ya ba da rabi, uwa ta ba da rabi. Domin haka idan Fada ko katikis ya nemi takardar gwajin jini kafin a fara sanarwar aure, ba neman hana aure yake yi ba. Gwamnatin Jihar Kano ma ta mai da gwajin kafin aure doka a 2024. Zai fi sauƙi ƙwarai a yi gwajin tun ana zance, kafin iyaye su karɓi kaya.

Iyaye mata sun san cewa jaririn da yake da sikila yakan yi watanninsa na farko lafiya, sai wajen wata na shida ciwo ya soma. Dalili shi ne a cikin mahaifa jinin jariri yana aiki da wani irin furotin na daban, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe ƙwayar gadon da take yin sa. A 2008 aka gane mai rufewar, wani furotin mai suna BCL11A, wanda yake zama a kan zaren ya kirawo ma'aikatan da suke cire asetil daga histon, wurin ya damƙe. Ƙwayar gadon ba ta ɓace ba, tana nan a jikin kowane mai sikila a kulle. Maganin haidiroksiyuriya yana ƙara yawan wannan jini na jarirai, an kuma gwada shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano domin kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. A 2023 Ingila da Amurka suka amince da wani magani da yake raunana mai rufewar kansa, ko da yake tsadarsa ta fi ƙarfin kowane gida a cikinmu.

A 2021, ana shirin cikarsa shekara 200 da haihuwa, aka buɗe kabarin 'yan zuhudu a Burno da izinin ƙungiyar Waliyyi Agustin, aka gane ƙasusuwansa, masana suka karanta zaren gadonsa shi kansa, sa'an nan aka mai da shi wurin 'yan'uwansa. A 2025 aka kammala gano ƙwayoyin gadon dukan halaye bakwai ɗin da ya zaɓa. Muna roƙon farisoshi su tuna da shi a Misar Idin Bayyanuwa mai zuwa, tare da ƙanwarsa Theresia, da yaranmu masu fama da sikila. Allah ya ba shi hutawa ta har abada.